Su Wane da Wane a Cikin Faluka

A Aswan, can kudancin Masar, ba mai shiga kogi da rana tsaka a watan Yuli sai mai neman jinya, don zafi kan haura digiri 40. Sai an yi la'asar ake gangarawa bakin Nilu, inda faluka ke jere: ƙananan jirage masu dogon farin ƙyalle mai kusurwa uku, ba inji, ba fetur. Ruwan kogin arewa ya nufa, iska kuwa daga arewa take busowa, saboda haka mai zuwa kudu iska ke tura shi, mai komowa ruwa ke ɗauko shi. Ɗalibanmu na Azhar, in sun samu hutu da ɗan canji, sukan yi tafiyar kusan kilomita 900 a jirgin ƙasa daga Alƙahira don wannan yawo. Mutum takwas ko goma a kan katifu ƙarƙashin rumfa, ba inda wani zai guje wa wani, dole hali ya fito.

Tun ba a kwance igiya ba Sarkin Ruwa ya naɗa kansa. Ya taɓa tsallaka Kwara a Yawuri cikin kwalekwale, a zaune, rungume da buhun wani, kuma tun daga ranar babu abin da ya shige masa duhu a harkar ruwa. Matuƙin, wanda ake ce wa rayyis, ɗan Nubiya ne da ya gaji sana'ar kaka da kakanni, yana can baya ya ɗora ƙafa a kan sandar juya jirgi yana kurɓar shayi. Idan iska ta zo ta gaba, faluka ba ta miƙewa sak, sai dai ta karkata ta nufi wannan gaɓa, ta juyo ta nufi waccan, tana cin hanya kaɗan kaɗan. Nan Sarkin Ruwa zai miƙe, ya gyara murya, ya sako Larabcin littafi har da wasula: "Ya rayyis, ka saki hanya!" Rayyis ya ce "Hadir," wato an gama ranka ya daɗe, ya ci gaba da abin da yake yi. In aka isa, Sarkin Ruwa ya dube mu ya ce, "Kun gani? Da ban yi magana ba fa?"

Kusa da shi akwai wanda tun a tudu ya ɗaure rigar ceto har wuya. Ya karanta addu'ar Annabi Nuhu, ya ƙara da ta Annabi Yunusa don kada a bar kafa. Tambayarsa ɗaya ce: akwai kada? An gaya masa tun da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970 kadoji suna can bayanta, a tafkin Nasir. Sai ya ce, "To, su an sanar da su?" Duk lokacin da jirgi ya ɗan karkata, cinyar maƙwabcinsa ke biyan bashi.

Mai hoto ba ya ɗaukar lokacin bayani. Ya zo Nilu ya juya mata baya har aka tashi.

Malam Tarihi shi ne jarrabawar da ba ta da makawa, domin abin haushin duk abin da yake faɗa gaskiya ne. Wancan tsibiri Elefantin ne, akwai matakalar dutse da mutanen dā ke auna cikar kogi da ita don a san harajin bana. Wancan mai itatuwa an ba Kitchener ne, Baturen da ya ci Omdurman a 1898, ya mai da shi lambu. Ginin da ke kan tudun yamma kabarin Aga Khan na uku ne, wanda ya rasu a 1957. Ka ce masa, "Mutumina, dubi yadda rana ta yi ja," ya amsa maka da shekarar da aka gina otal ɗin Old Cataract. 1899 ce, ga wanda ya matsu.

Sai kuma iska ta ɗauke. Ƙyalle ya saki jiki, jirgi ya tsaya a inuwar duwatsu, yara a ƙananan kwalekwale suka zo suka kama gefe suna waƙa don a ba su na alawa. A nan ake gane mai agogo. Ba wanda ke jiransa a duk faɗin Aswan, amma ya duba hannu, ya duba waya ko agogon hannun ya yi ƙarya. "Yaushe za mu tashi?" Rayyis ya ɗaga kai sama ya ce in sha Allah. "Ba wani ɗan inji ko na ajiya?" Rayyis ya nuna masa wasu dogayen katakai biyu na tuƙi. Mai agogo ya ɗauki ɗaya, ya ja sau biyar, jirgi ya kewaya a wuri ɗaya, ya ajiye ya ce dama kafaɗarsa na ciwo.

Wanda na fi girmamawa shi ne mai guzuri. Bai san sunan tsibiri ko ɗaya ba, amma ya ɓoye kilishin da aka aiko masa daga gida tun watan jiya, sai yanzu ya buɗe. Rayyis ya zuba wa kowa karkade mai sanyi, Malam Tarihi ya buɗe baki zai yi bayani, aka haɗa baki aka ce masa zoɓo ne, mun sani. Har matsoracin ya saki cinyar mutane ya miƙo hannu biyu. Akwai kuma wani da ya rufe fuska da hula tun a bakin gaɓa, ƙamshin kilishin ne kawai ya tashe shi.

Ma'aji bai ci da daɗi ba, lissafi yake. An yi ciniki a kan awa ɗaya, ga shi an doshi uku. Da aka sauka bayan magariba ya tsaya kai da fata cewa lokacin da iska ta ɗauke ba ya cikin kuɗi, tunda ba tafiya aka yi ba. Rayyis ya ce shi jirgi ya ba da haya, iska ba tasa ba ce. Sarkin Ruwa ya shiga sulhu a matsayin ɗan sana'a, ya yanke cewa a biya duka har da na shayi, sannan ya laluba aljihu ya ce ya baro walat ɗinsa a masauki.