Askar Baba Wanzam

A Kwararafa, cikin tsohon garin Jos, ba nisa da Babban Masallacin Juma'a, akwai wani wanzami da ya yi shekara hamsin da ɗoriya yana shimfiɗa tabarmarsa a gindin bango guda. Babba da yaro Baba Wanzam suke ce masa. Mahaifinsa ya zo Jos ne zamanin haƙar kuza, yana bin barikokin leburori da aski da ƙaho. Shi kuwa tun yana ɗan ƙarami yake riƙe masa zabira, ya ɗebo ruwa, ya wasa aska, ya share gashi, shekara da shekaru ba a bari ya taɓa kan kowa ba.

A 1972, shekarar canjin hannu, da motocin Najeriya suka bar hagu suka koma dama, mahaifin ya tara dattawan sana'a, ya tuɓe hularsa, ya ba ɗan nasa kai. Yaro ya yi masa ƙwal-kwabo. Dattawa suka bi kan da tafin hannu tun daga goshi har ƙeya, ba su sami ko ƙwarzane ba. Aka yi fatiha, aka rataya masa zabira. Wannan shi ne gwaji na farko da aka yi masa, shi ne kuma na ƙarshe.

Ya kuwa iya. Ya fara karɓar sisi da sule kafin naira ta shigo a 1973. Samari kan biyo ya yi musu gyaran fuska kafin su shiga sinimar Kwararafa kallon fim ɗin Indiya. 'Yan kasuwar Terminus sun yi ta zama a tabarmarsa har gobarar 2002 ta warwatsa su. Direbobin tashar Bauchi Road kan zo da sassafe, wani ma barci ke ɗauke shi aska na yawo a maƙogwaronsa. A sanyin Disamba, lokacin da yatsun mutanen Jos kan ƙage, nasa ba sa ƙagewa. Gidan da aka haihu kuwa, tun ranar kwana uku ake aika masa goron suna.

Daga baya wanzamai suka haɗa ƙungiya, aka fito da kati mai hoto da hatimi. Ana sabunta shi bayan shekara uku ko biyar, gwargwadon abin da mutum ya biya. Idan na Baba ya ƙare, jikansa yake ba kuɗi da hoto ya kai. Mai buga hatimi ya dubi hoton, ya ƙirga kuɗin, ya buga. Bai taɓa cewa a zo masa da mai hoton ya miƙa hannu a gani ba.

Tsufa bai zo masa rana ɗaya ba. Dundumi ne ya fara sallama: da la'asar ta yi sanyi sai ya riƙa jan tabarma yana bin sauran hasken rana. Sai wani fari-fari ya fara kwanciya a idonsa na hagu. Yakan ajiye aska a gefe, ya koma yana lalube. Mutum zai ce a bar masa gemu, Baba ya gyaɗa kai, ya kwashe rabi. Da safe hannun kan yi ɗan rawa, sai hantsi ya dubi ludayi yake lafawa. Aka fara samun ƙananan yanka a bayan kunne da ƙeya. Baba ya shafa alif, mai kai ya ce, “Ba komai, Baba, ni na motsa.”

Kowa a Kwararafa ya gani. Tsofaffin abokan cinikinsa suka janye ɗaya bayan ɗaya, suna wucewa da gaisuwa mai kyau, hula a danne. Amma idan baƙo ko ɗan ci-rani ya tambayi inda ake aski, da bakinsu suke nuna masa gindin bangon. Babban ɗansa da aka yi masa haihuwa, wani wanzami ya ɗauko daga Dilimi, ya ce wa jama'a Baba mura ke damunsa. Uwargida ta fi kowa sani, don ita ke zura masa zare a allura, amma daga cikin zabirar nan cefanen gidan yake fitowa, wanzami kuwa ba shi da fansho.

Autarsa ce kaɗai ta yi ƙarfin hali. Ta durƙusa bayan sallar isha'i ta ce, “Baba, da ka yarda mun je an duba maka idon nan.”

Ya ce, “Ke, tun ba a haife ki ba nake riƙe da aska. Ko ido rufe hannuna ya san hanya. Je ki leƙa shagunan yaran nan masu kilifa, waya a kunne, gaggawa a hannu. Wanda suke yanka a mako ya fi wanda nake yanka a shekara. Su za a duba.”

Gaskiya ya faɗa game da yaran. Akwai ma wani wanzami a Gangare da ya girme shi, hannunsa kuma daram, idonsa tangaran tun da aka cire masa yana. Shekaru ba su ne ma'auni ba, dubawa ce ke raba mai gani da mai lalube. Sai dai wanzami ba ya son jarfa, 'yan'uwanta kuma suka ce ta yi wa uba rashin kunya. Maganar ta mutu a nan.

Wata Asabar cikin hunturu aka kira shi askin suna a Unguwar Rogo, gidan wasu da ba su daɗe da zuwa garin ba. Hazo ya rufe gari, an ɗauke wuta, zauren ba taga. Kakar jaririn ta zauna da shi a cinya. Baba ya jiƙa kan da ruwan ɗumi, ya yi bisimilla, ya fara daga goshi. Yana isa kusa da maɗiga yaron ya yi atishawa. Hannun da Kwararafa ta sani shekara ashirin baya da tuni ya ɗaga. Wannan ya makara da ƙiftawar ido.

A Keke Napep aka kai yaron asibiti, an riga an yanka rago, maroƙi bai ko buɗe baki ba. Aka yi ɗinki, aka ƙara masa jini. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya rayu da tabon da gashi ba zai fito a kai ba. Masu zuwa jaje suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ƙaddara gaskiya ce, amma addinin da ya koya mana yarda da ita shi ne ya umarce mu da kama sababi, su kuma masu faɗin haka sun yi shekaru suna kai nasu kawunan wani wuri.

Kwana arba'in Baba bai fita ba. A ƙarshe ya bi autarsa wajen likitan ido. Yana ce a ido biyun, aikin da ba ya cin awa guda, ana yin sa a nan Jos, ana yi a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Da aka kwance masa bandeji ya ga fuskar 'yarsa sarai. Likita ya ce rawar hannun ba za ta tafi ba: zai iya yi wa manya saisaye da rana tsaka, amma ban da jarirai, ban da kaciya, ban da aikin yamma. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, “Ashe da an gaya mini, da ban zubar da jinin ɗan mutane ba.” Katinsa na cikin aljihu, da sauran shekara biyu kafin ya ƙare.

Wani sa'ansa da suka yi samartaka tare ya zo duba shi da magariba. Ya daɗe yana kallon masu zama kafin ya gane wane ne wane. Da zai tafi ya laluba takalminsa da ƙafa, ya ce, “Bari in hanzarta, an cika mini mota, mutum goma sha takwas. Ina so in sauka Hawan Kibo kafin dare ya raba.” Jama'a suka ce Allah ya kiyaye hanya, suka raka shi bakin ƙofa.

Kai tsoho a duba masa ido da kunne da hannu ba cin mutunci ba ne, shi ne kare mutuncin da ya yi shekara hamsin yana tarawa. Mai buga hatimi ya nemi ganin mai hoton, ƙungiya ta tanadi abin da tsoho zai ci ranar da ya sauke zabira. Kai kuma mai karatu, idan akwai dattijo a gidanku da rayukan mutane ke wucewa ta hannunsa, durƙusa ka gaya masa gaskiya yau, ka raka shi wajen likita da ƙafarka.