Ni da Rana Gefe Guda, Kyaftin Gefe Guda

Ƙanena da ke aiki a Houston ne ya ja mini. Cewa ya yi, "Yaya, tunda Allah Ya kawo ku kai da Hajiya, ba za ku koma Kano ba sai kun kwana a kan teku." Ya yanka mana tikitin jirgin ruwan yawon shaƙatawa, irin wanda ke tashi daga Galveston ya leƙa gaɓar Meksiko ya dawo. A bakin tasha ya riƙe hannuna yana nanatawa: "Don Allah Yaya, ka bi agogon jirgi." Na tuna masa cewa yana tsumman goyo na fara zuwa Kwatano saro atamfa, don haka ya adana nasiharsa.

Garin da muka tsaya sunansa Progreso, a jihar Yukatan, tafiyar abin da bai kai awa guda ba daga birnin Merida. An kafa shi a farkon shekarun 1870, kuma ya yi tashe da fitar da igiyar henekén, wadda ta azurta attajiran yankin a zamanin. Sai dai tekun wurin ba ta da zurfi. Mutum zai yi ta kutsawa ruwa bai kai masa wuya ba, balle babban jirgi ya matso. Maganin da suka samo shi ne su bi jirgin can inda yake. Wani kamfanin ƙasar Danmak ya gina musu gada mai tsawon kusan kilomita 2 tsakanin 1937 da 1941, daga baya aka yi ta ƙara ta har ta zarce kilomita 6. A can ƙarshenta jirginmu ya tsaya, motocin safa suka kwaso mu zuwa cikin gari. Ina zaune ta taga ina yaba aikin injiniyoyi, ban san da ni da gadar nan akwai sauran magana ba.

Ana sauke mu na hango wata dattijuwa a bakin titin da ya bi gaɓar teku, gabanta manyan tuluna na gilashi, ɗaya cike da jan abin sha. Na kurɓa ɗanɗano, sai na ji ni a gida. Zoɓo ne tsantsa, su suna ce masa agua de jamaica, da zoɓorodon da muka sani suke yinsa, citta da kanumfari kawai ya rasa. Na duba allon farashi na ga an rubuta $25. Nan take na buga lissafi da naira, jinina ya hau. Dala ashirin da biyar kofin zoɓo! Na ce wa Hajiya ta matsa gefe ta ga yadda ɗan Kantin Kwari ke ciniki.

Ba na jin Sifaniyanci, ita ba ta jin Turanci, don haka da yatsu aka yi. Na ɗaga biyu, ta ɗaure fuska. Na juya kamar zan tafi, ba ta kira ni ba. Na dawo na zaro takardar dala biyar na ajiye a gabanta, na harɗe hannu, alamar daga nan ko sisi. Matar ta dubi kuɗin, ta dube ni, ta ciro waɗansu sulalla za ta miƙo mini. Na ɗauka nuna mini take abin da ya rage in cika, na girgiza kai da ƙarfi. Da ta rasa yadda za ta yi da ni, sai ta cika kofi uku ta jera mana. Na kalli Hajiya na ce, "Kin gani? Har da gyara."

Hajiya ta shanye nata tas kafin ta ce, "Alhaji, su ma kuɗinsu da wannan alamar ake rubuta shi. Peso ne." Dala guda a lokacin ta haura peso goma sha bakwai. Wato na yi gumi, na yi fushi, na yi tafiyar ƙarya, duk don in tilasta wa baiwar Allah karɓar fiye da ninki uku na kuɗinta. Na ce ai da ma sadaka na yi niyya.

Wajen abinci kuwa na yi hattara, don shahararren girkin Yukatan, cochinita pibil, naman alade ne, kuma ko wake akan dafa da kitsensa. Muka tsaya a kan soyayyen kifi da lemon tsami. Mai kawo abinci ya ajiye wani ɗan ƙaramin kwano na yaji, ya nuna mini da yatsu biyu cewa kaɗan ake ɗiba. Wai ni za a koya wa cin yaji. Habanero ɗan'uwan attaruhunmu ne, jinsinsu ɗaya, amma na Yukatan bai san zumunci ba. Na juye rabin kwanon a kan kifi. Loma ta farko na ji kunnuwana sun toshe, ta biyu hawaye ya jiƙa gaban kaftanina. Ma'aikatan suka leƙo daga kicin suna kallo cikin ladabi. Hajiya ta tambaya ko lafiya, na ce iskar teku ce.

Da baki a kumbure na shiga neman ramin Chicxulub. Na karanta cewa shekaru miliyan 66 da suka wuce wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo daga sama a nan, ya bar rami mai faɗin kimanin kilomita 180, kuma masana na ganin shi ne ajalin dabbobin nan na dainaso. Ƙauyen da ramin ya ci sunansa yana nan kusa da Progreso, maƙwabta ne. Na tare wani direban tasi mai ɗan Turanci na ce ya kai ni bakin ramin in ɗauki hoto. Ya nuna ƙasan takalmina. Ashe tun safe a cikinsa nake yawo; duwatsu sun binne shi tun tuni, rabinsa ma yana ƙarƙashin teku, sai masu binciken man fetur ne suka gano alamarsa da na'urori a 1978. Na gode masa kamar da ma jarraba shi nake.

Bayan mun haɗa Azahar da La'asar, Hajiya ta ce zafi ya ishe ta, za ta koma. Ta tuna mini motar ƙarshe ƙarfe uku da rabi, ana rufe ƙofar jirgi ƙarfe huɗu. Na duba waya, ɗaya da 'yan mintoci. Na kama hayar kujerar kwanciya ƙarƙashin laima, na ɗora hula a fuska.

Ga abin da ya faru a bayan idona. Jihar Teksas tana tura agogonta gaba da awa guda a lokacin bazara, Meksiko kuwa ta daina wannan al'ada a yawancin jihohinta tun 2022. Jirginmu ya riƙe lokacin Teksas. Wayata, da ta shaƙi iskar Meksiko, ta koma lokacin gari ba tare da ta yi shawara da ni ba. Ƙarfe huɗun kyaftin, ƙarfe uku ne a aljihuna.

Dattijuwar zoɓo ce ta tashe ni. Tana bubbuga wuyan hannunta, tana nuna teku, tana faɗin "barco, barco", wato jirgi. Na nuna mata waya: uku saura ashirin. Ta ɗaga yatsa ɗaya ta tura shi gaba. Na waiwaya, duk jajayen Turawan da suka cika gaɓar da safe babu ko ɗaya, daga ni sai karnuka biyu da masu naɗe laima.

Rabon da in yi gudu tun ina makarantar kwana. Na tattare kaftani na nufi bakin gada da niyyar in ƙarasa da ƙafa. Can ƙarshenta na hango jirgin, wanda da safe ya fi unguwa guda girma, ya zama ɗan farin ɗigo. Mai gadi ya tare ni, ya nuna mini ba a bi da ƙafa, ya dubi tumbina, ya dubi gadar, ya yi iya ƙoƙarinsa bai yi dariya ba. Sai ya yi magana a rediyonsa. Allah Ya kawo wata akori-kura mai kai kaya tashar, aka cusa ni a baya tsakanin kwandunan lemon tsami. Haka na ratsa aikin injiniyoyin Danmak, hannu ɗaya a kan hula, ɗaya a kan ƙarfe, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa.

Na saba da motar tasha, wadda ko ta tayar, in ka ɗaga hannu kwandasta zai buga mata ta tsaya. Jirgin nan ba ya jiran kowa. Wanda ya makara shi zai nemi hanyar da zai cim masa a tasha ta gaba, da kuɗin aljihunsa. Ina sauka na ji lasifika tana kiran wani suna da aka tauna aka tofar, sai a karo na biyu na gane nawa ne. Fasinjoji sun yi dafifi a barandar ɗakunansu suna tafi da sowa. Ashe kallon masu makara wani shagali ne da suke jira a kowace tasha. Takalmina ɗaya ya cire, na koma na ɗauka, tafin ya ƙaru. Na ɗaga musu hannu kamar ɗan takara.

Hajiya na tsaye a ciki, ba ta ce uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo. Da dare ta kira ƙanena, ta ba shi labari tun daga zoɓo har lemon tsami, ina jin dariyarsa daga ɗaya gefen gadon.

Ni dai har gobe ina kan bakana. Progreso tana dab da layin digiri 90 na yamma, wanda da shi aka yanka lokacin yankin, don haka rana na tsakiyar sama a wurin kusan daidai sha biyun agogon gari. Da na duba inuwa kafin in yi Azahar, ita da wayata bakinsu ɗaya. Ni da rana da dukkan mutanen Yukatan muna gefe guda, kyaftin shi kaɗai yana gefe guda. Duk wanda ya je Progreso yana so ya ɗaukaka mini ƙara, ga hujjata nan na ba shi kyauta, amma ya tabbata ya shiga jirgin tukuna kafin ya buɗe shari'ar.