Fijo 504 da Tukunyar Uwargida

A wajen mai gwanjon kayan wasan yara na tsince ta, cikin tarin 'yan tsana marasa kai: ƙaramar Fijo 504 ta ƙarfe, ƙirar Faransa. A ƙarƙashinta an rubuta 1/43, wato duk santimita 43 na motar gaske an mai da shi santimita ɗaya. Shi ya sa motar da ta kusa mita huɗu da rabi ta dawo abin ɗorawa a tafin hannu. Irinta marigayi mahaifinmu ya hau, ruwan madara, cikin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Fijo a 1975. Sai dai wannan wani yaro ya lafta mata jan farce har kan fitilu. Na ce sai na dawo mata da mutuncinta.

Mai fentin motocin unguwarmu ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "Alhaji, ka fara huda kusoshin nan na ƙasa, ka ware gilas da kujeru da tayoyi. Gangar jikin kawai za ka jiƙa a man birki, kwana biyu."

Kwana biyu! Ni da shayi ma ba na iya jira ya huce? Na sayi tina, na tsoma motar gaba ɗayanta. Jan farcen ya fita kamar an yi masa kiranye. Gilashin ma ya bi shi, domin ashe roba ne, tina kuwa ba ta bambance roba da fenti. Ya yi fari, ya yi laushi, ya lanƙwashe kan sitiyari kamar ƙosai a miya. Fentin masana'anta da ke ƙasa kuwa, wanda aka gasa da zafi, ko gezau.

Sai a lokacin na huda kusoshin, bayan ɓarawo ya riga ya fita. Na tuna an ce sodar da mata ke haɗa sabulu da ita tana ɓare irin wannan fenti cikin mintoci. Gaskiya ne. Abin da ban tsaya na ji ba shi ne ana yin aikin ne a bokitin roba mai kauri, da safar hannu, a fili, kuma sodar ake zubawa cikin ruwa, ba ruwan kan soda ba. Ni kuwa na lallaɓa kicin na ɗauko tukunyar alminiyam ta tuwo.

Jama'a, soda da alminiyam kishiyoyi ne. Ruwan ya ɗau zafi ba wuta ba gawayi, ya fara tafasa yana tsiri, tururi mai yanka hanci ya cika tsakar gida. Iskar da ke tashi, haidurojin, mai kama wuta ce, ni kuma ina tsaye kusa da murhu ina ta fifita da faifai. Na tsamo motar da cokali, tas da ita, tana ƙyalli. Cikin tukunyar kuwa ya yi baƙi ƙirin, duk ya ɓurme kamar fuskar mai zanzana.

Uwargida ta fito ta daɗe tana kallon tukunyar. Ta ce, "Malam, tuwon daren a cikin motar zan tuƙa?"

Washegari na fesa fentin ruwan madara, na shanya a kan katanga, na manta hunturu ake. Kafin azahar ƙura ta manne mata ciki da waje, ta fito sak tasin da ta yi jigilar Kano zuwa Maiduguri ba wanki.

Sabuwar tukunya ta ci ninki uku na kuɗin motar. Motar tana hannun autanmu, yana jan ta da zare, jiya ma ya shafa mata jan farcen yayarsa.