Tsakuwar Ba Ta Shinkafa Ba Ce, Alhaji

Mutanen Jega, na san abin da za ku ce tun ba ku buɗe baki ba: "Mi yak kai tsakuwa cikin mutum in ba shinkafar da ba a rege ba?" To ku ƙyale matan gida su huta. Tsakuwar shinkafa haƙori take fasawa, in ta kuɓuce masa sai ta bi hanji ta fice da safe. Wadda likita ke nufi ba haɗiye ta aka yi ba, a jikinku aka ƙera ta.

In ba ku yarda da likita ba, ku tambayi mahauci. Ya san 'yar jakar nan koriya da ke manne a ƙarƙashin hanta, wadda yake cirewa a hankali kada ta fashe ta ɓata nama: madaciya, wasu su ce matsarmama. Hanta ce ke samar da ruwan ɗacin, kimanin rabin lita ko fiye a yini, ita kuwa jakar ajiya ce aikinta, sai an ci maiƙo ta matso shi cikin hanji. Idan kolestarol ya yi wa ruwan yawa, ko jakar ta yi ƙiwar juyewa, sai ya kwanta kamar gasara a gindin ƙwarya, a kwana a tashi ya daskare. Shanu ma suna yin ta, kuma tasu kuɗi ce, don masu maganin gargajiya a ƙasar Sin da tsada suke saye. Taku dai, Alhaji, babu mai tayawa.

Ga ɗan Maiyama can ya ɗaga hannu wai shi olsa gare shi. Haba Malam! Duk ciwon da ke tsakanin wuya da cibiya kun raɗa masa suna olsa. Ku dai lura da kyau. Na madaciya yakan taso bayan an narki tsire ko miya mai man shanu, sau da yawa da dare. Yana kamawa a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a bakin ciki, ya harba zuwa baya ko kafaɗar dama, ya riƙe mutum rabin sa'a har sa'o'i, da tashin zuciya, sannan ya saki. Ya fi samun mata, musamman masu yawan haihuwa, da waɗanda suka haura 40, da masu tumbin nan da kuke shafawa kuna cewa hutu ne. Masu sikila kuwa tun suna yara sukan yi tsakuwar, saboda yawan fashewar ƙwayoyin jininsu, don haka kada Inna ta ce kowane ciwon cikin yaron nan rikicin sikila ne.

Aliero, na zo kanku. Albasarku ta kai Kudu, ɗorinku ya yi suna, na jinjina. Amma madaciya ba ƙashi ba ce balle a ɗaura mata karare, kuma ko buhu goma na albasa aka ci, tsakuwar tana nan daram. Masu kwankwaɗar man zaitun da lemon tsami su wayi gari suna murnar ganin korayen dunƙule a bayan gida, ku yi haƙuri, man da kuka sha ne ya dunƙule a hanji. Tsakuwar ba ta ma san ana yi ba.

Ga abin da zai faranta muku: mafi yawan masu ita ba su taɓa jin komai ba, kuma likita ba ya tsokanar wadda ta kwanta shiru. Akwai ƙwayar narkarwa, sai dai ƙanana kawai take iya wa, ana shan ta watanni har shekaru, in an daina kuma tsakuwar takan dawo. Wadda ta fara fitina, jakar ake cirewa ɗungurungum. Carl Langenbuch ya fara yin haka a Berlin a 1882, a 1985 kuma wani Bajamushen, Erich Mühe, ya fitar da ita ta 'yan ƙananan huji ba tare da farke ciki ba. Kuna cewa yaya mutum zai rayu ba madaciya? Doki ba shi da ita tun haihuwa, kun taɓa ganin ya fasa sukuwa? Hanta ta ci gaba da aikinta, ruwan ya riƙa sauka hanji kai tsaye. Wasu dai sukan yi ɗan zawo na wani lokaci in sun cika maiƙo.

Nan kuma na ajiye wasa. Ciwon da ya ƙi lafawa, ga zazzaɓi, ga ido ya yi rawaya, ga fitsari ya yi duhu, alama ce jakar ta kumbura ko tsakuwa ta toshe hanya, kuma yana kisa. Kada a ce shawara ce a tsaya jiƙa saiwa. A nufi asibiti, in ta kama tiyata a wuce Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Mai gardama kuma ya je a yi masa sikanin, ba allura, ba wuƙa, ya ga kayansa a allo. Amma da azumin sa'o'i shida ake zuwa, Malam, kada ka ɗura fura a tashar Jega ka ce ai ruwa ce.