Wai dogo ɗaya ya isa?

Na ji hukuncin da kuka yanke a majalisar mai shayi, mutanen Ɗanbatta. Wai ƙwallon kwando ba ta da wani sirri: a samo zanƙalelen ƙato guda a tsayar da shi gindin kwando, sauran huɗun su nemi inuwa. Ku da kuke kwana musun Arsenal da Barcelona, yaushe kuka sauke karatun kwando? To, ku gyara zama.

Michael Jordan ɗin nan da yaranku ke yawo da rigarsa ta gwanjo mai lamba 23, a 1986 ya zazzaga wa Boston maki 63 a wasa guda, aka kuma cinye ƙungiyarsa. Tun 1984 yake NBA, amma kofi bai shiga hannunsa ba sai 1991, bayan Chicago ta samo masa Scottie Pippen da Horace Grant.

Za ku ce labarin Turawa ne. To ga yaron da ya tashi a Zariya, Masai Ujiri, wanda ya shugabanci Toronto Raptors. A kakar da ta ƙare a 2018 yaransa sun ci wasa 59, sai LeBron James ya share su wasa huɗu a jere. Nan kam kuna da gaskiya, kada ku saba: ƙungiya na bukatar gwarzo. Ujiri ya sallami DeMar DeRozan, ɗan gaban goshin magoya baya, ya karɓo Kawhi Leonard. Shi kuwa gwarzo, tsawo kaɗai ba ya yin sa. Shi ne wanda kowa a fili ya san shi za a miƙa wa ƙwallo a daƙiƙar ƙarshe, a taru a kansa, ya kuma jefa ta faɗa. Haka Kawhi ya yi wa Philadelphia a wasa na bakwai a 2019: ƙwallo ta yi tsalle sau huɗu a bakin kwando kafin ta shige.

Amma daren da Toronto ta ɗauki kofi a hannun Golden State, 114 da 110, Kawhi maki 22 ya ci. Kyle Lowry 26, Pascal Siakam ɗan Kamaru 26. Fred VanVleet, wanda duk ƙungiyoyin suka tsallake shi ranar zaɓen sababbin 'yan wasa, ya taso daga benci ya zuba 22. Ku manoma ne. Ko sarkin noma ya je gayya, kunyarsa kaɗai yake ja, gona sai jama'a.

Kawhi ya tattara ya koma Clippers. A 2020 an fitar da shi a zagaye na biyu, an fitar da Toronto a zagaye na biyu, kowannensu a wasa na bakwai. Mai sauran musu ya faɗa mini kofin NBA da ɗayansu ya ɗaga daga rabuwar nan zuwa 2025, ni zan biya shayin.