Hoto a Bango, Bidiyo a Salula

Da an ɗaure dammunan gero an kai rumbu, wake ya shiga buhu, mutanen Agye da Gazawa sun haƙe ayarsu sun kai kasuwa, to mu nan Cadakori mun san abin da ya rage: goro zai fara yawo gida-gida. Wannan Asabar ɗaurin aure uku, waccan Lahadi biyu, kowa na rige-rigen kai ɗiyarsa ɗaki kafin kuɗin kaka su bi iska. A irin wannan lokaci ne ƙanena ya tashi aure bara, kuma a nan na gane akwai gardamar da ta fi ta sadaki zafi a garinmu.

An biya sadaki, an haɗa akwati, an yi wa ɗaki shafe, an ware na goro da dabino da na man motar kai amarya. Abin da ya saura a aljihun ango bai isa ya kira mutum biyu daga Maraɗi ba. Ko mai hoto, ko mai bidiyo. Ya kawo maganar fada da dare, shayin farko na kan gawayi, yana zaton minti biyar za a yi a gama. Har aka sha na uku, ganyen ya salance, ba a gama ba.

Babban abokinsa, ɗan kabu-kabu ne mai bakin tsiya, shi ya fara. "Wai ku wane zamani kuke? Wa ka biyan kuɗɗi don hoto yanzu? Kowa na da mai hoto cikin aljihunai. Ka kira mai bidiyo, a ga mutane na motsi, a ji kiɗi, a san an yi buki."

Telan unguwarmu, wanda ya girme mu duka, bai ɗago daga kofinsa ba. Ya ce salular da ke ɗaukar hoto ai ita ke ɗaukar bidiyo, in haka ne sai a bar su duka biyun a sayi akuya. Aka yi dariya. Sannan ya ce wa ango, "Ƙanena, tahi ɗakin Innarku ka duba bango, ka dawo ka hwaɗa mini abin da ka gani."

Ba sai ya je ba, duk mun san abin da ke bangon. Hoton auren babban yayanmu ne a firem mai bakin zinariya da ya fara ɓarewa. Ango a tsaye ƙiƙam cikin babbar riga kamar an kira shi gaban alƙali, abokai sun jeru, wani ya ɗora hannu a kan rediyo don a san da rediyo a gidan. A ƙarƙashin gadon Inna kuwa, cikin tsohuwar kwalla, akwai kaset ɗin bidiyon wannan aure ɗin. An naɗe shi da ɗankwali kamar laya. Na fi shekara goma sha biyar ban ga na'urar da za ta iya kunna shi ba, daga nan har Gidan Runji. Ƙurar hunturu ta shige shi, zafin bazara ya gasa shi, kuma Inna ba za ta yarda a jefar ba domin, in ji ta, mahaifinmu na ciki yana magana.

Abin da ya sa telan ke da ƙarfin gwiwa ke nan. Mu mun ga kaset ya zo ya wuce. Mun ga faifan sidi, wanda yaro ɗaya zai goga a ƙasa ya mayar da amarya mai in'ina. Yanzu muna zamanin katin memori, ɗan abin da bai kai farce ba, in ya faɗi cikin rairayin tsakar gida sai dai a yi masa addu'a. Takarda kuwa tana nan inda aka rataye ta. A watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, layin da ke tasowa daga Katsina zuwa Gazawa ya yi shiru, har mutanen birnin Maraɗi suka ɗanɗani abin da ƙauye ya saba da shi, ana layi wurin mai caji da sola. Hoton bango bai nemi cajin kowa ba.

Masu hoton da, in aka tuna, mutane ne masu daraja. Mutum zai taso daga Maraɗi a kan babur, kamera rataye a wuya, fim ɗinsa mai ɗaukar hoto 36 ne kacal, don haka ba ya danna yatsa a banza. Zai tsayar da ku cikin rana, ya gyara wa wannan hula, ya ce wa waccan ta sauke haɓa, ya ƙirga uku. Daga nan sai jira, mako biyu ko uku, kafin a wanko. Wani lokaci a kawo hoto an yanke wa Kawu kai, wani lokaci a ce fim ya ƙone, kuma ba wanda za ka kai ƙara. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, har da fim da takardar wanki, sai hoton biki ya zama abin da ake ƙirgawa kamar goro. Shi ya sa na tsofaffinmu ba su da yawa, kuma kowane ɗaya an san labarinsa. Kamfanin Kodak da ke yin fim ɗin ma ya durƙushe a 2012. A Bamako an yi wani mai hoto, Malick Sidibé, wanda aikinsa ke nan, bin bukukuwan samari da ƴan mata da kamera. A 2007 aka ba shi babbar lambar girmamawa a birnin Venis na Italiya saboda waɗannan hotunan. Na faɗi haka a fada, ɗan kabu-kabu ya ce to in kai hoton yayanmu da rediyonsa Italiya mu ga nawa za su saya.

Amma kada in yi masa rashin adalci, yana da hujjar da ta fi bakinsa nauyi. Ya ce a ƙirga ƴan unguwarmu da ba su nan. Wane na Libiya, wane na Aljeriya, biyu na Legas, wasu sun bi zinariya arewa tun da aka gano ta Jado a 2014. Ƙanenmu na tsakiya yana Sabha ta Libiya yana aikin gini, kuma shi ya aiko da kuɗin katifa da rabin na akwati. Mutumin da ya yi wannan, hoto ɗaya zai ishe shi? Yana so ya ji liman na karanta fatiha, ya ji maroƙi ya ambaci sunansa a cikin taro ko da ba ya nan, ya ga an shigar da katifar da guminsa ya saya. Bidiyo a wurinsa rasit ne. In an tura masa ta WhatsApp, zai kalla sau goma a ɗakin da suke kwana su takwas, ya nuna wa ƴan ɗakin: ga Innata, ga gidanmu, ga bishiyar da nake faɗa muku.

Shi bidiyon biki, finafinan Kano ne suka koya mana shi. Tun da aka yi Turmin Danya a 1990, kasusuwa suka riƙa ƙetarowa ta Jibiya da Ɗan Isa suna shigowa Maraɗi, daga nan su bazu ƙauyuka. A nan ƴan matanmu suka ga yadda amarya ke tafiya a hankali, ƙawaye na biye da anko, kamera na bin ta tun daga ƙafa mai lalle har fuska. Yau mai bidiyo in ya haɗa aikinsa sai ya sa furanni suna faɗowa a kan fuskar ango, ya ɗora waƙar soyayya a kan wurin da ake rabon tuwo. Mun taɓa ganin na wani biki inda aka sa ango da amarya a gaban dogon benen Dubai, alhali ga akuyar maƙwabta ta leƙo daga gefe.

Duk wannan surutu na fada, mu maza muna yi ne kamar mu ke da ta cewa. Washegari na shiga cikin gida na tarar an riga an yanke hukunci tun shekaranjiya.

Gwaggo ce ta yi mini bayani, tana tsince wake a faifai. "Kai ɗan nan, mi kuka sani game da buki? Ku da kun shafa fatiha kun watse. Mu muka da aiki." A wurin mata bidiyo littafin bashi ne. Biki a nan ramuwa ne: abin da kika kawo ranar auren ɗiyata, shi zan mayar miki ranar naki, in da hali in ɗora. Da can wata tsohuwa mai kaifin ƙwaƙwalwa ke riƙe lissafin, daga baya aka samu yarinya ƴar makaranta tana rubutawa a littafi. Yanzu ga shaidar da ba ta mantuwa. Bayan biki da kwana biyu za ka ga mata sun haɗa kai a kan salula ɗaya, ba amarya suke kallo ba. "Tsaya, mayar baya. Waccan jikka ɗaya ta liƙa ko biyu?" "Ga ta nan, ta ci shinkafa ta ƙulle wata a leda, kuma ta ce ba ta zo ba don ba ta da lafiya." An sha yin sulhu saboda bidiyo, an kuma sha ɓatawa.

A nan kuma matsalarsa take. Mai bidiyo namiji ne baƙo, ga shi tsakiyar mata, a gidan da ko ƙanen miji sai ya yi sallama sau uku. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan haka, musamman tun da Izala ta yi ƙarfi a Maraɗi tana faɗa da almubazzarancin biki, kuma ko wanda ba ya tare da su ya san akwai gaskiya a wannan gaɓar. Matar aure ta saki jiki cikin ƴan uwanta mata ta taka rawa, bayan mako guda mijinta na zaune a kasuwa wani ya miƙo masa salula, ga ta a TikTok an ɗora mata kiɗan da ba shi aka yi a wurin ba. Shi ya sa da kamera ta juyo za ka ga rabin mata sun ja mayafi sun rufe fuska, sauran rabin kuma sun gyara zama suna turo wuyan hannu gaba don a ga awarwaro. Mai hoto aƙalla sai ya ce a tsaya, wadda ba ta so ta kauce. Bidiyo ba ya neman izini, har wanda ke sakace a bayan rumfa yana kwashewa.

Hukuncin da matan suka yanke shi ne: ƙawayen amarya sun yi karo-karo, an ƙara a kan na ango, an samo wani yaro daga Maraɗi da ya rantse kamerarsa na yin duka biyun. Sharaɗin Inna ɗaya ne, in zai shiga wurin mata sai Gwaggo na gefensa, ita za ta ce ɗauki nan, bar can.

Ni dai tun a lokacin raina bai kwanta ba, domin hannu biyu gare shi kamar kowa. Ranar ɗaurin aure yana can yana bin bakin liman da kamera, dattawan da suka zo daga Tibiri suka shafa fatiha suka hau mota, ba a yi musu hoto da ango ba. Kawu har yau bai huce ba. Da yamma batirinsa ya mutu daidai lokacin da za a fito da amarya, aka tayar da injin gurup na maƙwabci, saboda haka duk nasihar da iyaye suka yi mata, abin da ake ji a bidiyon ƙugin inji ne da kukan jariri. Wuri ɗaya ne murya ta fi ƙarfin injin: inda Kakarmu ta dafa kafaɗar amarya, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa mai tsawo har sai da ta yi tari, mata suka fashe da dariya, ita ma tana dariya da bakinta marar haƙori.

Hotuna goma sha biyu ya wanko mana. A wanda Kaka ta fito, idonta a rufe.

Da damina ta tsaya Allah ya yi mata rasuwa. Bayan addu'ar bakwai Inna ta kira ƙanena ta ce ya kunna mata wurin guɗar. Ya sunkuyar da kai. Ashe salularsa ta faɗa cikin bokitin wanki tun watan jiya, katin memorin kuma amarya ta ara wa ƙawarta, ƙawar ta kai wurin mai tura waƙoƙi a kasuwa, ya share komai ya cika shi da finafinan Indiya masu fassara. Aka kira yaron Maraɗi, ya ce shi ba ya ajiye aiki fiye da wata uku, kwamfutarsa ba ta da wuri.

Telan ne ya ce a tambayi na Sabha. Aka yi masa saƙon murya da dare. Da asuba sai ga shi ya turo, minti ɗaya da ƴan daƙiƙoƙi, ya dusashe saboda yawan turawa, fuskoki sun zama kamar an shafa musu toka, amma guɗar na nan garau, har da tarin. Inna ta saurara sau uku a zaune bakin gado, ƙarƙashin firem biyu, na yayanmu da sabon da aka rataya kusa da shi. Sannan ta miƙo mini salular ta ce in tafi Maraɗi in sa a fitar mata da wannan a takarda.

Na ce, "Inna, murya ba ta fita a takarda."

Ta ce, "To a hiddo inda take dariya, idonta buɗe."