Yadda Ake Juyen Man Giya Ba Tare da An Koma Gida a Amalanke Ba

Idan agogon kilomita na motarka ya tsaya cak tun kafin a buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, kuma har yau ba ka taɓa sauya man giya ba, kwantar da hankalinka, kana da 'yan uwa. Direbobinmu na hanyar Tsauni zuwa Matameye sun ɗauki man giya a matsayin gado: yadda Bature ya zuba shi, haka za a miƙa wa magada. Masu ƙera motoci kan ce a sauya shi tsakanin kilomita 50,000 zuwa 100,000, ya danganta da motar. Taka ta wuce nan tun kafin ta sauka daga jirgi a Kwatano.

Fara da ɗan zagayawa da ita man ya yi ɗumi ya saki jiki. Minti goma ya isa, ba sai ka kai Dan Barto ba. Sannan ka nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri. Jak a kan rairayinmu ba shi da amana, don haka kada ka shiga ƙarƙashi sai ka tokare ta da kututture.

Noti biyu ne a jikin akwatin giya, na gefe na zubawa, na ƙasa na zubarwa. Karen motarka zai ruga wa na ƙasa da sifana.

"Maigida, ai wannan ne na juye."

Riƙe hannunsa. Na gefen ake fara kwancewa, domin notin da ya shekara ashirin ba a gaishe shi ba yana iya ƙin amsawa. In ka riga ka tsiyaye man sannan ya kafe, ka samu mota mai busasshen ciki da babu ƙofar ɗura mata. Daga nan sai shanu biyu da igiya, kuma duk wata fada da ke bakin hanya za ta ajiye shayi ta tashi kallo.

To, mai ya zubo. Kada ka kau da kai, duk tarihin motar yana cikin kwanon nan. Baƙi ne mai wari? Tsufa ne kawai. Ya yi launin shayi da madara? Ruwa ya shiga, ranar da ka kutsa korama da damina kana rantsuwa cewa motarka ta iya iyo. Yawancin notin ƙasa yana da mayen ƙarfe a bakinsa. In ka ga laushin garin ƙarfe ya manne, goge shi kawai. In mai yana ƙyalli rawaya-rawaya, zobban tagulla da ke sa giya ta shiga salin-alin ne suke cinyewa. In kuwa gutsuren haƙori ka tsinta, sa shi a aljihu, ka fara tunanin wane rago za a kai kasuwa.

Daidai nan gwani zai bayyana. Ba ya da mota, bai taɓa yi ba, amma zai tsuguna ya ce, "Alhaji, ɗura mata gazuwal ka tada ta, cikin ya wanku fes." Yi masa godiya, ka saya masa rake, bakinsa ya samu aiki. Gazuwal ba shi da kaurin da zai raba ƙarfe da ƙarfe, kuma abin da ya maƙale a ciki zai tsinka sabon man. In wanki kake so, zuba man da ya dace, ka yi jigila kamar kilomita 500, ka sake juye. Sau biyu za ka biya, har yanzu dai bai kai kuɗin akwatin giya ba.

Wajen sayen mai, karanta jikin galan. Tsofaffin motoci da yawa GL-4 suke so, 80W-90 ko 75W-90, saboda wasu nau'in GL-5 suna cin tagullar nan. Fijo 504 kuwa, da taurin kanta, man inji aka rubuta wa akwatinta. Littafin mota ne alƙali, in akuya ba ta cinye shi ba. Man kwalba marar suna na bakin tasha, bar wa mai injin niƙa.

Mayar da notin ƙasa da sabuwar wosha. Wajen zuba sabon mai, mazurari ba ya shiga ramin gefe, sai tiyo da gora, kana matsawa yana gangaro maka cikin hannun riga. Ka ci gaba har ya fara dalala daga ramin gefe, ya cika ke nan, wajen lita biyu a ƙananan motoci. Mayar da notin gefe, ɗaure da ƙarfin hannu kawai. Wanda ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa zai ji noti ya yi laushi farat ɗaya, kuma wannan laushin ba alheri ba ne.

Tsohon man a jarka, nesa da rijiya da garkar rake. Maƙwabcinka ma yana jiransa ya shafa wa azara saboda gara. In bayan duk wannan lamba biyu tana nan tana gurnani, taka kuloci sau biyu kafin ka saka, ka ƙara muryar rediyo.